Albasa da Halin Ruwa

Kwana 19 ke nan da muka kulle albasarmu a shago sa'ad da Inna ta aika a kira mu. Hantsi ne, cikin azumi, rana ta riga ta fara cizo. Muka same ta zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, inda take wuni tun da ta shiga takaba. Muka durƙusa mu huɗu muka gaishe ta. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Wane ne ya shiga wurin albasa yau?"

Babbanmu ya ce, "Ni ne, Inna. Leƙawa kawai na yi, lafiya lau take."

"Matso nan."

Ya matsa. Ta kama gefen rigarsa ta kai hanci, ta ɗan yi shiru, sannan ta sake shi.

"Ba lafiya take ba. Ku je ku buɗe ƙofar nan, ku fito da ita duka, har ta ƙasa."

Muka dubi juna. Albasar nan buhu 42 ce, kuma ita kaɗai muke da ita da za a biya bashin Baba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Sakkwato, ba nisa da hanyar da ta miƙe zuwa Illela. A wurinmu noman damina na ciki ne, na rani kuma na aljihu. Gero da dawa a rumbu suke ƙarewa, albasa kuwa ita ke yin aure da suna, ita ke sayen magani, ita ke kai yaro makaranta. Irin da muke shukawa ja ce mai sirkin shunayya, wadda ake kira 'yar Galmi, sunan garin nan na jihar Tawa a Nijar, gabas da Birnin Ƙonni. Tana da yaji, tana da nauyi a hannu, kuma an san ta da jure ajiya in an bi da ita yadda ya kamata.

Lissafin Baba ba ya canzawa. Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba yake zuba iri a rena shi. In ya yi kwana arba'in da ɗoriya, ya kai kaurin tsinken tsintsiya mai ƙwari, sai a cire a yi dashe a fangali. Sanyin hunturu ya raya ganye, zafin da ke biyo baya ya sa ta yi kai. Wajen Maris a cire. A shekarar da muke magana ya gama dashe a ƙarshen Nuwamba, ya kwanta da zazzaɓi mako uku bayan nan, Allah ya yi masa rasuwa a tsakiyar Disambar 2022.

Ba baƙin lambu ba ne mu. Tun muna ƙanana muke jan tiyo, muke karya bakin fangali mu toshe, muke cirar ciyawa da dakon buhu. Babbanmu yana da ɗan shagon cajin waya a ƙofar gida, biyu daga cikinmu suna karatu a birni suna zuwa hutu, autarmu kuma mace ce, tana sakandare. Duk da haka kowannenmu yana ganin ya san albasa. Sai daga baya muka gane cewa mun san yadda ake yin kowane aiki, amma ba mu san yaushe ake yin sa ba, balle yaushe ake bari. Wannan lissafin a kan Baba yake, mu umarni kawai muke bi.

Bayan addu'ar bakwai mai shagon taki na kasuwarmu ya zo da littafinsa. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, ya ma fi mu jin nauyin maganar. Ya buɗe shafin Baba ya nuna mana: taki, fetur na injin ban-ruwa, da kuɗin da ya ranta aka gyara injin. Ya ce kada mu damu, sai albasa ta fito. Amma tun muna makarantar allo muke jin abin da malamai ke faɗa game da mamacin da ya tafi da bashi a wuyansa. Daga ranar ba mu ƙara kallon lambun nan a matsayin lambu ba. In muka tsaya a bakin fangali, shafin littafin nan muke gani.

To daga nan kuskurenmu ya faro, kuma da kyakkyawar niyya muka yi shi.

Muka ce tunda da buhu ake awo, a sa ta yi manyan kai buhu ya cika da wuri. A tsakiyar Fabrairu, lokacin da Baba kan riga ya ɗaure bakin buhun taki ya ajiye, mu muka ƙara mata yuriya. Ganye ya yi shar, ya yi tsawo, masu wucewa suna yaba mana. Muka ci gaba da ba ta ruwa har saura kwana uku a cire, alhali shi yakan kashe inji mako biyu kafin ranar, ya bar ƙasa ta bushe har ta tsage. Da muka ga ta maƙwabta ta kwanta tamu tana tsaye ƙyam, sai muka bi ta muna takawa da ƙafa don ta kwanta dole. Muka cire ta rana ɗaya, muka bi da wuƙa muna yanke ganyen daf da kai, muka sayar da lawashin ga masu kai wa birni. Kafin magariba ta shiga buhu.

Ba mu yi niyyar ajiya ba da farko. Amma wanda ya tuna watannin Fabrairu da Maris na 2023 ya san halin da aka shiga na canjin kuɗi. Tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Dama ko a shekarar lafiya lokacin cira shi ne lokacin da albasa ta fi araha, don kowa ya fito da tasa a lokaci guda, daga Aliero zuwa Goronyo har tsallaken iyaka. Sai ga shi a wannan shekarar masu saye ma sun ragu, wanda ya zo kuma ya ce sai dai ya tura ta waya, a tsaya ana ɗaga waya sama ana neman sabis. Farashin da wani dillali ya yi mana, da muka lissafa, ba zai biya bashin ba. Muka ce a ajiye sai ta yi daraja, ai haka Baba yake yi.

Rudun Baba yana bayan gida, ƙarƙashin dogon yaro. Rudu ɗakin albasa ne: rumfa ce mai ƙafafu da ake shimfiɗa wa kara, a kewaye da zana, a rufe da jinka. Namu jinkarsa ta zube, gara ta ci dirka biyu. Gyaransa zai ci kwanaki da kuɗin da ba mu da shi, ga kuma tsoron ɓarayi. Shagon babbanmu kuwa yana da ɗaki a ciki, ginin bulo, rufin kwano, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Muka ga wannan ai ci gaba ne. Muka jera buhunan a kan siminti, hawa huɗu, muka ja ƙofa muka kulle. Ba wanda ya shawarci Inna. Muka ce tana cikin takaba, kada a ɗora mata wata damuwa.

Da muka buɗe ƙofar a ranar da ta kira mu, wani ɗumi ne ya fara dukan fuskarmu, kamar an buɗe tukunyar da ke kan wuta. Buhunan sama lafiya suke a ido, shi ya sa mai leƙawa bai ga komai ba. Da muka sauke hawa biyu sai warin ya taso. Simintin ya jiƙe da wani baƙin ruwa mai yauƙi, ƙananan ƙudaje suka tashi. Ɗayanmu ya zaro albasa ɗaya daga buhun ƙasa, ja, mai sheƙi, kamar ba abin da ya same ta. Ya ɗora babban yatsa a wuyanta ya danna. Yatsan ya shige, ruwa ya biyo hannunsa har gwiwa.

Inna ta ce a kawo ta tsakar gida, tunda ita ba ta fita. Muka wuni muna dako da baro da amalanke, da azumi a bakinmu, a zafin bazara. Muka zazzage ta a inuwa a kan zana da tsofaffin tabarmi. Bayan la'asar matan maƙwabta suka shigo ba tare da an kira su ba, kowace da wuƙarta da faranti. Inna ta ja tabarmarta zuwa bakin tarin, ta naɗe hannun riga, ta fara aiki.

Ba ta duban girman albasa ko kyan jar ta. Wuyan take kamawa. Ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta danna, wani lokaci ta kai hanci, sannan ta jefa ɗaya daga cikin tari uku. Wadda ta yi laushi ta tafi bola, can nesa da gida. Wadda ta ji rauni, ko wuyanta ya yi kauri bai rufe ba, ko ta rabu biyu, ko ta fitar da sanda ta nemi fure, ta tafi tarin da za a rabu da shi cikin mako. Wadda wuyanta ya tsuke ya bushe, ɓawonta yana ƙara in an taɓa, ita kaɗai ce ta ajiya.

Tana yi tana yi mana bayani, ba tare da ta ɗago kai ba. Ta yanka ɗaya ta nuna mana zoben da ke ciki. Ta ce kowane zobe gindin ganye ne, duk ganyen da muke gani a sama a nan ciki ya ƙare, kuma dukkansu ta wuya suka bi. Saboda haka wuya ƙofa ne. In albasa ta ƙosa da kanta, sai ta janye abin da ke cikin ganye zuwa kai, wuyan ya yi laushi ya faɗi, ya bushe ya rufe ƙofar. Wadda aka taka da ƙafa karyewa ta yi, ba ƙosawa ba. Wadda aka yanke ɗanya daf da kai kuwa an bar mata ƙofa a buɗe, duk ciwon da ke yawo a ƙasa ko a bakin wuƙa ta nan zai shiga. Takin da muka ƙara a makare shi ya sa ta ci gaba da fitar da sabon ganye wuyan ya ƙi tsukewa. Ruwan ƙarshe kuma ya cika ta, ya ba ta nauyin ƙarya.

"Babanku yakan jira sai fiye da rabin lambu ya kwanta. In ya cire, ba ya taɓa wuƙa. Jera ta yake layi-layi, ganyen wannan layi ya rufe kan wancan, don kada rana ta dafa ta. Ta yi kwanaki a haka tana shan iska. In ya zo yanka, sai ya bar mata wuya faɗin yatsa biyu. Duk a gabanku aka yi."

Gaskiya ne, a gabanmu aka yi. Mu dai mun ɗauka hutawa yake yi bayan wahalar cira.

Autarmu ta ce, "Inna, ke da ba kya zuwa lambu, ina kika san duk wannan?"

Wata tsohuwa daga cikin maƙwabta ta yi dariya. Ta ce, "Ke yarinya, shekara talatin wa kike tsammani yake tsaron rudun gidan nan?"

Ashe kullum bayan sallar asuba, kafin ta hura wuta, Inna takan zaga bayan gida ta tsaya a bakin rudu ta shaƙi iskarsa. In ta ji wani abu sai ta sa hannu ta bi warin har ta zaro wadda ta lalace, tun ba ta shafa wa na kusa da ita ba. Mu a lokacin muna barci, ko mun tafi makarantar allo. Mun taso muna cewa Baba gwanin ajiya ne, albasarsa takan kai kaka. Shi ma bai taɓa musawa ba, ita ma ba ta taɓa gyara mana ba.

Kwana huɗu muka yi muna tsinta. Buhu 10 ya tafi bola. Buhu 8 ya faɗa tarin tsakiya: wani muka kai kasuwa muka karɓi abin da aka ba mu, wani muka raba wa matan da suka taya mu, sauran kuma aka yanke inda ya lalace, aka yayyanka mai kyan sirara aka shanya a rana, don busasshiyar albasa tana yin watanni a tulu. Inna ta tambayi ganyen, muka ce mun sayar. Ta ce to bana ba gabu ke nan. A al'adarta takan daka ganyen ta dunƙula ta shanya, shi ke ɗaukar miyarmu in damina ta yi nisa.

A wajen yankan nan ne muka ga hawayen Inna karo na farko tun rasuwar. A ranar jana'iza ba ta yi kuka a gabanmu ba, ko a kwanakin zaman makoki. Yanzu ga shi yana zuba a kan zanenta, hannunta bai daina aiki ba. Autarmu ta ce, "Inna, yajin ne?" Ta ce, "Yajin ne." Kowa a wurin idonsa ya yi ja, ba wanda ya ƙara tambaya.

A rana ta uku Kawu ya zo, ƙanen Baba. Labari ya riga ya kai masa. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi tarin, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

"Allah ya jiƙan Yaya. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba."

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wa ake yi wa wannan karin magana: ɗan da bai ɗauko halin ubansa ba. Muka sunkuyar da kai. Babbanmu, wanda shagonsa ne kuma shawararsa ce, ya kasa ko motsi.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko ɗaya daga tarin bola ta matsa, ruwa ya tsiyayo tsakanin yatsunta.

"Malam, ga wadda ta yi halin ruwa nan. Ka bar min yara su bushe tukuna."

Kawu ya yi shiru. Washegari da sassafe sai ga shi da dirka biyu a kan jaki da damin shuci. Shi ya tsaya a kanmu har muka tada rudun. Ya sa muka ɗaga shimfiɗar karan kamar kamu ɗaya da rabi daga ƙasa, muka bar 'yar tazara tsakanin kara da kara don iska ta riƙa shiga ta ƙasa tana fita ta sama. Muka zuba toka a gindin kowace dirka saboda gara. Ya ce a yi jinka mai kauri, don ɗigo ɗaya a damina ya isa ya kashe kusurwa guda. Da aka zo zubawa ya hana buhu. A warwatse ake zuba ta, kuma kada zurfinta ya wuce daga yatsu zuwa gwiwar hannu, don ta ƙasa ta sami numfashi, mai dubawa kuma hannunsa ya kai. Abin da ya shiga rudu buhu 24 ne. Inna ta sa aka raba shi gida biyu da kara a tsakani: wadda ta amince da ita a dama, wadda take shakka a hagu.

A nan muka fara koyon cewa ajiya ba a gama ta ranar da aka rufe ƙofa. Albasa a rudu ba matacciya ba ce, barci take yi. Tana numfashi, tana fitar da gumi, tana jiran abin da zai tashe ta. Abin mamaki, zafin Afrilu da Mayu da ke hana mutum barci ita bai dame ta ba, muddin iska na ratsa ta. Zafi mai bushewa ƙara mata barci yake. Abin da ya kashe mana ta shago ba zafin kwano kaɗai ba ne, gumin da ya rasa hanyar fita ne. Ciwon da muka fi gani a bazara shi ne wani baƙin gari kamar kunkunniya da ke kwanciya a ƙarƙashin ɓawo. Wadda ta yi shi sai a cire, a sa ta a tukunya tun ba ta yi nisa ba.

Muka raba aikin. Duk ranar Juma'a da safe sai mu juya ta gaba ɗaya da hannu, a hankali, ba jifa, don albasar da ta bugu daga ciki take fara mutuwa. Dubawar asuba kuwa Inna ta ce sai da ɗaya daga cikinmu a gefenta. Da farko ba ma jin komai sai warin albasa. Sai ta ce, "Ba wannan ba. Akwai wani a ƙarƙashinsa, mai ɗan zaƙi-zaƙi, mai tsami." Mun fi wata guda kafin hancinmu ya fara rabewa.

Jarrabawa ta gaba ba daga rudu ta zo ba, daga cikinmu ta zo. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na komai ya tashi. Babbar Sallah ta matso a ƙarshen Yuni ba mu da ko ɗan akuya, karo na farko a gidanmu. Farashin albasa ya ɗan ɗaga. Babbanmu ya ce a sayar duka a huta, shi kam ba ya iya barci, kullum gani yake za mu wayi gari ta zama ruwa. Masu karatu suka ce a jira kaka, ai saboda haka aka sha wahalar. Maganar ta yi zafi har aka fara tono wa ya ce a ƙara taki, wa ya ce a sa a shago.

Inna ta bari muka gama. Sannan ta ce a fito da ta hagu, a sayar, a kai wa mai taki kuɗin gaba ɗaya. Ta ce wannan ba za ta ga ƙarshen marka ba ko an bar ta, kuma mutumin da ya yi haƙuri wata shida ya kamata ya ga alamar ba a manta da shi ba. Ta dama kuwa ba mai taɓa ta. Buhu 7 muka fitar, ya rage wani abu daga bashin. Ba mu yi layya ba a shekarar, maƙwabta suka aiko da nama.

Marka ita ce ainihin abokiyar gaba. Da Agusta ya shiga, sama ta rufe, iska ta yi sanyi ta cika da laima, sai albasa ta fara jin cewa lokacin tashi ya yi. Wasu suka fito da fararen saiwoyi a gindi, wasu suka tsiro da koren harshe ta wuya. Wadda ta tsira ta fara cin kanta ke nan, kwana kaɗan ka matsa ka ji ta zama fanko. Muka koma juyawa sau biyu a mako. In rana ta leƙo sai mu ɗage zana iska ta ratsa, in hadari ya taso mu ruga mu rufe. Wani dare iska ta yaye gefen jinka, muka fita mu huɗu da fitilar waya da tsohon buhu, ruwa na dukanmu, Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana nuna mana inda ke zuba. Kullum akwai abin da za a cire: yau biyar, gobe goma sha. Tarin yana raguwa a idonmu, har wadda ba ta lalace ba tana ramewa. Ba wanda ya faɗa mana a da cewa mai ajiya da asara yake kwana yake tashi, abin da yake nema kawai kada ta fi ƙarfinsa.

A ƙarshen Oktoba, lokacin da tsohuwar albasa ta ƙare a hannun mutane sabuwa kuma ba ta fito ba, dillalan da suka yi mana tayin wulaƙanci a Maris suka fara sallama a ƙofar gida. Manyan motocin da ke lodi zuwa Legas da Fatakwal suna jira a kasuwa ba kaya. Muka auna abin da ya rage, buhu 17 ya koma 13. Amma kuɗin buhu ɗaya a ranar ya kusa na huɗu a lokacin cira. Muka wuce kai tsaye shagon mai taki. Ya ƙirga, ya buɗe littafi, ya ja layi daga wannan kusurwa ta shafin Baba zuwa waccan, ya yi masa addu'a. Da muka dawo muka faɗa wa Inna, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Mun san da yawa daga cikin masu karanta wannan ba su da fadama. Wata a bayan ɗaki ta yi fangali biyu, wani a tsohon bokiti ko buhun siminti ya dasa tasa a birni. Hukuncin ɗaya ne ko guda talatin ce. A daina ba ta ruwa in ta fara kwanciya, a jira wuyan ya faɗi da kansa, a cire ba tare da an ji mata rauni ba, kada a wanke ta. A bar ta da ganyenta a inuwa mai iska har ɓawon ya yi ƙara. In kaɗan ce ma ba sai an yanke ganyen ba, a kitse shi kamar gashi a rataye a rumfa. Kada a sa ta a leda, kada a ajiye ta a kan siminti. A fara cin masu kaurin wuya. Sannan a riƙa dubawa, don wannan ne ba wanda zai yi maka.

Akwai wani abu da ba mu sani ba sai bayan an biya bashin. Tun a kwanakin tsinta, Inna tana ware wasu a gefen tabarmarta, mu mun ɗauka na miya ne. Guda 60 ne, masu tsukakken wuya, ba manya ba, ba ƙanana ba, jarsu iri ɗaya. Ta ɗaure su ta rataye a ɗakinta, suka ƙetare damina ba ko ɗaya da ta tsira. A Nuwamba ta miƙo mana su a faifai ta ce a mayar da su ƙasa. Irin albasa shekara biyu yake ci: shekarar farko a sami kai, a adana shi, shekara ta biyu a dasa kan ya fitar da sanda ya yi farin fure, a cikin furen baƙaƙen ƙwayoyin suke. Ta ce tun kakanmu haka ake yi a gidan nan, wadda ta fi jure rudu ita ake bari ta haifi ta baɗi.

Yanzu mun yi cira har sau biyu ba Baba. Muna kashe inji da wuri, ko da ganyen yana ba mu sha'awa. Kawu yakan zo ya tsaya a bakin fangali ya duba, ba ya cewa komai, mu kuma mun san shirunsa yabo ne. Gwiwar Inna ta fara damun ta, ba kullum take iya zagawa bayan gida da asuba ba. A cikinmu huɗu autarmu ce ta ɗauko hancin. Ranar nan ta dawo daga rudu da albasa ɗaya a hannu, ja, mai sheƙi, ta ajiye a gaban Inna.

Babbanmu ya juya ta ya ce, "Wannan ai lafiya lau take."

Inna ta ce, "Danna wuyan."